Rigar da Inna Hajo Ta Ɗinka wa Kwamfuta

Kayan gyara da yawa sun bi ta hannuna, akasarinsu na manta su da masu su, amma ranar da na je Kashin Zama saboda wata 'yar kwamfuta ba ta taɓa fita daga raina ba. Ku da kuka shigo shagon nan bayana kuna yi mini dariya in kun ji ina tambayar mai kaya, "A ina kake ajiye ta, kuma me ke kanta?" tun ban ɗauki sukudireba ba. Har kun sa mini suna Alƙali. To ku zauna, yau za ku ji inda tambayar ta samo asali.

Lokacin ni ne babban mai gyara a wannan shago na Alhaji Bello a nan Jega. Tsarin aikin kamar na yau ne: Alhaji shi ne mai yanke magana, ni ina kan benci, masu karɓar kaya suna gaba. Dokoki uku muke bi. Duk na'urar da muka sayar ta dawo cikin garanti, za a rubuta mata takardar karɓa. Sannan a yi mata abin da muke kira gwajin benci, wato a kunna ta tun safe har yamma ana ba ta aiki mai nauyi, a ga ko za ta mutu. In kuwa ta dawo karo na uku, a karɓe ta a ba mai ita wata, a rufe magana. Zuwa gidan mai kaya a wajen garin Jega kuma ba ya cikin aikinmu.

Ni na matsa wa Alhaji ya fara kawo waɗannan ƙananan kwamfutoci na kan tebur. Ba su fi kwanon sha girma ba, ba su da allo nasu, sai dai a jona su da talabijin ɗin gida. Abin da ya ja ni gare su shi ne ba su da cin wuta, ɗan sola da batir ɗaya ya ishe su. Na ce masa nan gaba kowane gida zai so irinsu, yara su yi karatu, manya su yi kallo, samari su buga wasa. Alhaji ya ɗaga ɗaya a tafin hannu, ya jijjiga ta, ya dube ni.

"Lawali, mutanenmu da nauyi suke auna kaya. Wa za shi sayen abin da za a iya sa wa aljihu a hice?"

Duk da haka ya kawo 'yan kaɗan, don Alhaji bakinsa ne kawai mai kaifi.

Wata ranar kasuwa, farkon bazara, wata dattijuwa ta shigo shago tare da wani saurayi. Ita ce Inna Hajo, daga Kashin Zama, can ƙasar Aliero. Saurayin kuma Murtala, abokin ɗanta. Ɗan nata Sanusi ɗan kabu-kabu ne, kuma shi ne golan ƙungiyar ƙwallon garinsu. Shekara guda kafin nan ya yi haɗari a hanyar Maiyama, ya ɗauko fasinja zuwa Gumbin Kure. Ya rayu, amma daga ƙugu zuwa ƙasa babu motsi.

"Ɗana ya bar magana," in ji ta. "Kwana yake yana kallon rufin ɗaki, ya wuni yana kallo nai. An ce min akwai ƙwallon da mutum ka bugawa da hannu yana zaune. Shi nake so."

Na haɗa mata ƙaramar kwamfuta da wasan ƙwallo a ciki, da hannun wasa guda biyu, wato abin da ake riƙewa ana danna 'yan wasan. Na koya wa Murtala yadda zai jona ta da talabijin da solar gidansu. Ta naɗe ta a zane ta rungume kamar jariri, suka hau babur.

Sati biyu bayan haka Murtala ya biyo ta shago yana washe baki. Ya ce ɗakin Sanusi ba ya ɗaukar mutane bayan la'asar. Duk 'yan ƙungiyarsu da suka daina zuwa, don ba su san me za su ce masa ba, sun dawo. Yanzu ba sai sun nemi abin faɗa ba, sai dai a miƙa hannun wasa. Sanusi yana cin su ɗaya bayan ɗaya yana yi musu tsiya, ana jin muryarsa har waje. Wallahi na ji daɗin labarin nan har na kasa ɓoyewa, na je na faɗa wa Alhaji da ɗan fankama.

Fankamar ba ta daɗe ba. Kwana goma sai ga Murtala da kwamfutar a naɗe cikin zane. Ya ce tana fara wasa lafiya, in an yi kamar minti ashirin sai ta ɗauke ɗif. Muka rubuta takarda, na yi gwajin benci. Tun safe har yamma tana aiki, ko tari ba ta yi ba. Na ce batirinsu ne, na ba shi shawara, ya tafi. Bayan sati ya dawo. Na sake gwaji, lafiya lau. Na canza mata wayar wuta, na buɗe na hure 'yar fankar da ke ciki, duk da ban ga komai ba. A zuciyata har na fara zargin samarin da rashin iya riƙon kaya.

A wannan zuwan ne Murtala ya faɗi abin da ya tsaya mini a rai. Ya ce mutane sun fara raguwa, don ba mai son wasan da ake yanke masa ana tsakiyar zagaye na biyu. Daga goma sun koma huɗu. Sanusi kuma ya fara komawa kallon rufi.

Da ta dawo karo na uku, Alhaji ya ɗauko takardun ya jera a gabana.

"Doka ta cika. A amshe ta."

Na san abin da wannan ke nufi. Babbar kwamfuta ba za ta tashi da solarsu ba, kuma in na ba su wata ƙaramar ban san abin da ke kashe ta farko ba, labarin ɗaya ne. Karɓe ta na nufin ɗakin Sanusi ya sake yin shiru. Na ce, "Alhaji, ka ba ni wuni ɗaya in je in gani da idona."

Ya yi ta juya carbi. Can ya ce, "Wagga ba dokarmu ba ta. Amma tahi. In ka dawo hannu wohi, kar in sake jin zancen kwanon shan nan naka."

Washegari da hantsi na bi Murtala, kwamfutar na cikin jakata. Zafi ya buɗe sosai, an gama cire albasa, duk garin warinta yake. A tsakar gidan Inna Hajo akwai rudu biyu, wato ma'ajiyar albasa da ake ɗagawa a kan itace, a shimfiɗa kara, a yi mata rufin ciyawa. Na gan su ban ba su muhimmanci ba, na wuce ɗakin Sanusi.

Dogon mutum ne, kafaɗunsa na gola har yanzu suna nan. Muka gaisa, ya amsa a taƙaice. Na ajiye kwamfutar a kan tebur, na fara jona wayoyi. Sai Inna Hajo ta shigo da wani abu a ninke a hannunta.

"Dakata, ɗana, ba a bar ta tsirara."

Riga ce. Riga ta karan-miski kore, an yi mata shafi da soso a ciki, an ɗinka ta daidai jikin kwamfutar, ba a bar ko'ina ba sai 'yan ƙofofin wayoyi. A samanta an yi aikin zare: ƙwallo, da lamba ɗaya, lambar rigar Sanusi. Ban taɓa ganin ɗinkin hannu mai kyanta ba. Ta sa mata ita a hankali, ta ja zariya ta ɗaure, ta shafa. Ta ce duk lokacin da za a kai ta Jega takan cire rigar ta wanke ta goge, don ta tarar da ita tsaf in ta dawo.

Ku kun san al'adarmu. Abin da muke so rufe shi muke yi. Rediyo da rigarsa, talabijin da mayafinsa, sabuwar kujera ba a cire mata leda. Murtala bai taɓa ambatar rigar ba don a idonsa ba wani abu ba ne, ni kuma ban taɓa tambaya ba. Ita kuwa wannan na'ura da iska take rayuwa: tana shaƙa ta gefe, tana fitar da zafi ta baya, in zafin ya yi mata yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone. Na kunna don in tabbatar. Ba a cika minti ashirin ba ta ɗauke. Na sa hannu cikin rigar, na janye da sauri saboda zafi.

Inna Hajo ta fita kawo mini fura. Na buɗe baki zan yi wa Murtala bayani, sai na ji an damƙe mini wuyan hannu. Sanusi ne.

"Na sani, Malam Lawali," ya faɗa a hankali. "Tun karo na biyu na sani. Mai babur ya san injin da ya rasa iska."

"To me ya hana ka faɗa?"

"Kwana tara tana ɗinkin rigag ga. Tun da anka kawo ni gida kwance ba ta sake riƙa allura ba sai a kanta. Ina jin ta tana waƙa tana ɗinki. Ni zan ce mata ita ka kashe min wasa? Ka ce ta lalace, ka tahi da abinka."

Na yi shekaru ina faɗa wa mutane laifinsu a kan kayansu, ban taɓa jin nauyin baki ba sai ranar. Tausayin su biyun ya kama ni. In na bi maganarsa, zai rasa abokansa. In na faɗi gaskiya gatsau, na karya abin da yake karewa. Na ce zan sha iska, na fito tsakar gida.

Na tarar da Inna Hajo tana dama fura a inuwar rudu. Na tsuguna na ce, "Inna, ni ɗan birni ne, ki koya mini. Me ya sa kuke ɗaga albasa sama haka, ku bar gefe a buɗe?"

Ta yi dariya. "Kai ɗan Jega, albasa ai rai gare ta. Iska ta shiga ta ƙasa, ta hita ta gehe. Ruhin sama don rana da ruwa na."

"In mutum yana sonta da yawa fa, ya naɗe ta da bargo?"

"Sati guda ta ruɓe mai. Wane mahaukaci..."

Ta tsaya. Ludayin ya tsaya a cikin ƙwarya. Ta juya ta dubi ƙofar ɗakin Sanusi, ta daɗe tana dubawa.

"Rigar ta," in ji ta.

"Rigar ba ta da laifi, Inna. Wurin zamanta ne kawai za mu canza."

"Shi ya sani?"

Ban iya yi mata ƙarya ba. Na ce ya sani.

Ta sa bakin mayafi ta goge ido. "Ja'iri. Tun yana ƙarami haka yake, ya ci tuwon da gishiri ya yi wa yawa ya ce ya yi daɗi."

Ta miƙe ta zaro kara daga jikin rudu, ta ɗauko wuƙa da zare. Ina tsugune ina kallo ta haɗa ɗan ƙaramin rudu mai ƙafa huɗu, tsawon taƙi ɗaya. Ta shiga ɗaki ta cire wa kwamfutar riga da hannunta, ta farke ɗinkin gefen da ta yi kwana tara tana yi, ta shimfiɗa ƙyallen a sama ya zama rufi, lamba ɗaya tana kallon duk mai shigowa. Sanusi ya kira ta, "Inna." Ta ce, "Yi min shiru, ka kira abokanka." Aka kunna. Na zauna har bayan la'asar, aka buga wasa shida a jere, kwamfutar ba ta ko yi ɗumi sosai ba. Ni ma an ba ni hannu, Sanusi ya zuba mini biyar ba ko ɗaya.

Da na ba Alhaji labari, sai ya ɗauki takardar karɓa ya yage. Bayan kwana biyu na ji shi yana gaya wa wani mai saye cewa shi tun farko ya san ƙananan nan su ne na gobe.

Kamar wata guda bayan nan aiki ya kai ni Aliero, na ratsa ta Kashin Zama. Tun daga nesa na ji ihu. An fito da gadon Sanusi ƙofar gida ƙarƙashin bishiyar dogon yaro, an jawo waya, ga talabijin a kan benci, ga kwamfuta a cikin rudunta, samari sun kewaye, har da dattawa masu wucewa sun tsaya kallo. Inna Hajo ta leƙo daga zaure. Na gaishe ta, na ce ashe an fito.

"Shekara guda na ruhe shi ɗaki," in ji ta, "don kada ido ya gan shi haka, kada a ji tausai nai. Ka ga shi ma iska yake so."

Yanzu kuna gani da idonku, ƙananan kwamfutocin nan sun fara shiga gidajen da babba ba ta taɓa shiga ba, kuma za su ci gaba da shiga. Gidajen nan na mutanenmu ne, masu rufe abin da suke so. Abin da na koya shi ne gwajin benci yana nuna maka na'ura ne kawai, ba ya nuna maka ɗakin da take kwana ko hannun da ke shafa ta. Shi ya sa nake tambaya tun ban buɗe komai ba. In kuma aka ce muku tana da riga, kada wanda ya yi dariya a shagon nan. Ku fara tambayar wa ya ɗinka ta.