Ƙurji ɗaya a gefen hanci

Assalamu alaikum. Na san na ɓace muku. Masu tambaya ko na sauya lamba, da masu cewa ko an karɓe mini waya saboda jarrabawa, duk na ga saƙonninku. Kwanciya na yi a asibiti, sai yanzu nake iya kallon hasken waya ba tare da idona ya kawo ruwa ba.

Ƙurji ne ya kwantar da ni. Guda ɗaya tak, a gefen hancina na hagu.

Shekarata sha bakwai, kuma duk wanda ya san ni a Roni ya san fuskata ba ta rabo da ƙuraje. Wannan ya fito ja, mai zafi, ba shi da baki, ga shi an kusa ɗaukar hoton 'yan ajinmu na gama makaranta. Na huda shi da allurar ɗinki, na matsa, na shafa man goge baki kamar yadda muka saba yi da ƙawayena.

Washegari leɓena ya yi nauyi. Umma ta ce, "Wani abu ne ya cije ki?" Aka karɓo maganin zazzaɓi a kemis.

Kumburin bai tsaya ba. Ya hau kunci, ya rufe idon hagu ruf, na dama ya koma 'yar tsaga.

Yayana Nura ne ya ɗauke mu a babur zuwa Kazaure, ina tsakiya, Umma na riƙe da ni ta baya. Damina ce, gero ya kai ƙugu. Ta 'yar tsagar idona sai na ga gonakin sun zama ruwa kore, duwatsun garinmu na yawo a kai kamar kwale-kwale. Na ce, "Umma, me ya sa duwatsun ke bin mu?" Sai ta ce, "Nura, ƙara wuta."

A asibiti aka yanki kati, aka auna zafin jiki, aka ɗebi jini. Baba ya iso daga baya. Ina jin likitar tana ce masa, "Baba, jijiyoyin jinin wannan wurin suna da hanya zuwa cikin kai, kuma ƙwayar cuta ta shiga. Za mu fara allurai ta jijiya. In bai sauka ba, Kano za ku wuce, saboda idonta da ƙwaƙwalwarta."

Baba ya ce, "To, likita." Ban taɓa jin muryarsa ta ƙanƙance haka ba.

Nas ta zagaye jan da biro a fuskata, don a ga ko zai ƙetare layin. Alluran na da tsada. Tunkiyar Umma aka kai kasuwa.

Daga nan idon dama ma ya rufe, na koma rayuwa da kunne. Ƙarar keken magani. Ruwan sama a kan kwano. A gadon kusa da ni akwai wata tsohuwa daga Gwiwa, Iya, mai jinyar ƙafa, tana yi wa 'yarta Fillanci a hankali. Ba na gane ko kalma, amma muryar na ɗauke ni kamar ana lilo da ni.

Na sha mafarkin ina bakin dam ɗin Kazaure, fuskata na shawagi a kan ruwa ita kaɗai. In na miƙa hannu sai ta matsa gaba. Sai in farka in ji tsumma mai ɗumi a goshina, in san Umma ce.

Na ce, "Umma, makancewa zan yi?"

Ta ce, "Yi shiru. Ina ganin idonki yana motsi a ciki."

Da safe jan ya ƙetare layin biro. Babu wanda ya faɗa mini, shirun da aka yi ne ya faɗa. Yaya Nura ya fita neman motar Kano. Likita ta ce a ɗan saurara, ta sauya allura, ta tsaga wurin ta fitar da mugunya. Wannan kam ba mafarki ba ne, na yi ihu.

Safiyar da ta biyo, jan ya tsaya inda yake. Daga nan ya fara ja da baya.

Abin da na fara gani shi ne ɗigon ƙarin ruwa, da hasken taga a cikinsa. Sai Iya, wadda nake zaton ƙatuwar mace ce, ashe 'yar mitsitsiya ce. Ta yi dariya ta ce, "Barka, jikata. Ke ce mai hira da ruwa a barci?"

Hoton aji an ɗauka babu ni. Akwai ɗan tabo inda aka tsaga. Idona biyu lafiya lau, alhamdulillahi.

Sa'o'ina, maza da mata, don Allah ku ji. Kada ku matsa ƙurji, musamman tsakanin hanci da leɓe. Ku wanke hannu kafin ku taɓa fuska. Ruwa da sabulu mara ƙamshi safe da yamma ya isa, ba sai an dirje ba. Kowa da tawul ɗinsa, a riƙa wanke rigar filo. Man goge baki na haƙori ne, lemon tsami na ƙona fata, man bilicin kuwa ku bar shi a shago. In ƙurji ya zo da kumburi da zazzaɓi, asibiti ake zuwa, ba a jira.

Na gode wa likita da nas-nas, da Baba, da Yaya Nura, da duk wanda ya sa ni a addu'a. Iya, Allah Ya ba ki lafiyar ƙafa. Umma kuwa ban san da wane baki zan gode mata ba, Allah Ya biya ta da Aljanna.

Yau da safe wani sabo ya fito mini a haɓa. Na tsaya gaban madubi na ƙare masa kallo. Sai na wanke fuskata, na bar shi, na tafi ɗora wa Umma koko.