Maccido na Ƙofar Rini da Motar Sanƙarau

Duk mai bi ta Ƙofar Rini da sassafe ya san Malam Maccido makanike. Da ya idar da sallar asuba zai sha kununsa, ya share gindin durumin da ya mayar gareji, ya shimfiɗa buhu ya jera sifanoninsa. Ba ya taɓa mota sai ya sa an tayar da ita, ya tsuguna ya saurara, sa'an nan ya lakato mai a yatsa ya shinshina. Bana da ƙasa ta sami 'yancin kai, idanunsa sun yi rauni, ya ce ya ajiye sifana. A bikin 'yancin an yi kiɗa, an yi jawabai, an ambaci manya. Babu wanda ya ambaci Maccido. To, mu bari mu ambace shi.

Shekarun baya, Alhaji Attahiru, falken yadi, ya sayo wata zungureriyar mota ƙirar Amurka mai canja giya da kanta. Irin wannan giya da mai take aiki. In man ya yi zafi sai ya tsinke, giya ta dinga zamewa, inji na ihu mota ba ta gaba. Masu ƙera ta sun bi da bututun man ta cikin lagireto, wato tukunyar ruwan da ke sanyaya inji, don ya huce. Amma a bazarar Sakkwato, ruwan lagireton ma tafasa yake.

A wata irin wannan bazara sanƙarau ya faɗo ƙauyuka. Alhaji ya ba da motarsa sadaka, a riƙa kwaso marasa lafiya zuwa asibiti. Ba a jima ba ta tsaya cik cikin rairayin hanyar Wamakko da tsakar rana, kuma kafin ta huce, mutumin da ke kwance a bayanta ya cika.

Direban, Ɗahiru, ya iso gareji idonsa jawur.

“Baba Maccido, ni na aje tuƙin wagga mota. Ina ji ina gani mutum yam mutu bayana.”

Maccido ya shinshina man, ya ji ƙauri. Ya ce, “Ba laihinka ba na, ɗana. Mai na ka ƙonewa. Mu yi mai wurin shan iska.”

Ya ciro bututun tagulla daga wata matacciyar babbar mota, ya kai wa maƙeran fari suka naɗe shi kamar faifai, suka lilliƙa masa ƴan fikafikan gwangwani da dalma. Ya kafa shi can gaban lagireto inda iska ke fara bugu, ya haɗa yadda mai zai fito daga lagireto, ya zagaya cikin faifan, sa'an nan ya koma giya. Bai ko gwada ba saƙo ya zo daga Wamakko: wani manomi, Lawwali, wuya ya sandare, ba ya gane kowa. Ɗahiru ya tsaya yana kallon motar kamar mai kallon kabari.

“Shiga mu tahi tare,” in ji Maccido. “In ta tsaya, ni ta tsaya ma.”

Zuwa lafiya lau. Aka kwantar da Lawwali a baya, kansa bisa cinyar mahaifiyarsa Mariyatu. Rana ta take tsaka lokacin da suka sake shiga rairayin nan. Tafiya ta koma ta hawainiya, iska ta ɗauke, faifan ba ya samun abin da zai sanyaya shi. Maccido ya ji ƙaurin tun kafin giya ta fara zamewa. Ya sa aka tsaya, ya leƙa. Girgizar hanya ta tsaga mahaɗar bututun, jan mai na ɗiga cikin yashi. In suka jira ya huce, sai la'asar. In suka tafi haka, man zai tsiyaye, ba mai sake motsa motar. A baya kuwa Lawwali ya fara fizge-fizge.

Maccido ya yanke maɗaurin takalminsa na fata ya naɗe tsagar, ya ɗaure da waya. Ɗigar ta ragu, ba ta tsaya ba. Sai an danne. Ya naɗe hannun hagu da tsumma, ya ɗauki gorar ruwa, ya hau bamba, ƙarfen nan na gaban mota, ya zauna yana fuskantar inji.

“Baba, sauka! In taya ta nutse ka hwaɗo, taka ka zan yi!”

“Ja mota, Ɗahiru. Sannu sannu, kuma kak ka tsaya.”

Haka suka tafi, hannu ɗaya na danne da bututu mai zafi, ɗayan na tsiyaya ruwa bisa faifan, tururi na dukan fuskarsa. Tsumman ya jiƙe da mai, zafin ya kai fata, ya wuce fata. Maccido ya cije, yana salati. Ruwan ya ƙare, ga sauran rairayi a gaba. Injin ya fara ihun nan da Ɗahiru ya sani.

“Ruwa!” in ji Maccido.

Babu saura sai ƴar butar da Mariyatu ke jiƙa wa ɗanta leɓe da ita. Ta dubi leɓen da ya tsattsage, ta dubi butar. Ta miƙa butar ta taga.

“Amshi, Malam. In motar ta sha, ɗana ya sha.”

Da wannan ruwa, ɗigo ɗigo, tayoyi suka kama tsandauri. Mota ta ɗauki gudu, iska ta dawo, ƙaurin ya lafa. A ƙofar asibiti sai da Ɗahiru ya ɓamɓare yatsun Maccido daga bututun. Ranar mutum biyu aka kwantar.

Lawwali ya tashi, ko da yake kunne ɗaya ya tafi. Yana nan yana noman shinkafa a fadama. Maccido kuwa, hannu a naɗe, ya koma gareji ya zauna yana nuna yadda za a sa guntun tiyon roba a mahaɗar don girgiza ta daina tsaga ta. Motar ta yi ta jigila har ruwan sama ya sauka cutar ta janye, ba ta sake tsayawa da kowa ba.

Kai ne, Maccido, wanda ya ji an ce mota ta kashe mutum bai ce ƙaddara ce ya koma inuwa ba. Kai ne ka hau gaban abin da ka ƙera da hannunka, don in ya ci amana kai zai fara ci. Namijin duniya, gindin durumi ofishinka. Mun gode. Allah ya saka maka, ya haskaka idanunka, ya sa hannun nan ya zama shaidarka ranar gobe.

Ku kuma masu riƙe da sifana, ƙasa ta dawo hannunmu, motocinta ma haka. Kada ku sallami motar da ba za ku yarda ku sa uwarku a ciki ba. Wanda ya bi ta Ƙofar Rini ya tsaya ya gaishe shi tun yana jin gaisuwa. In ya miƙo muku hannu, ku kama da biyu, ku nemi na hagun. Yatsunsa ba sa miƙewa har yau.