Ranar da Muka Tashi Tsige Sarkin Fawanmu

Ko da tsufa zai ɗauke mini komai na zaman Abijan, ba zai ɗauke ranar da muka tashi tsige Sarkin Fawanmu ba. Bayan yaƙin duniya na biyu ne da kaɗan, ina sabon magidanci, ina da teburin nama a kasuwar Ajame. Yanka kuwa a Tireshbil ake yi, sai an haye tsohuwar gadar nan da ke lilo a kan ruwa. Har yau ina jin ƙamshin bandar kifi da ke tarar mutum a bakinta.

Sarkin dattijon kirki ne, amma ƙarfinsa ya ƙare, surukansa ke juya komai. 'Yan Tireshbil ake fara yanka wa, mu na Ajame sai rana ta take. Kafin nama ya iso ya fara sauya launi, mata su leƙa su wuce. Muka sa aka rubuta takardar koke ta neman a tsige shi, kowa ya dangwala yatsa, muka kai biro, wato ofishin da ke kula da zaɓen shugabanni.

Ma'aikacin wurin, wani mutumin Sanagal mai farin kwat, ya daɗe yana dubawa. Ya ce ta bakin tafinta, "Wannan ba za ta wuce ba. Yatsun duk maiƙo ne, ba a ganin komai. Ga Mamman birjik, babu sunan uba. Wannan kuma na ji yana hanyar Makka, ta yaya ya dangwala?"

Muka ɗauka shi ke nan, don yana da ikon ya yaga ta a gabanmu. Sai ya ce, "Takardar ce ta lalace, kukanku yana nan. Ranar Juma'a zan zo da kaina. Kowa ya wanke hannu, ya faɗi sunansa a bainar jama'a."

Ya kuwa zo, ya kafa tebur a ƙofar masallacin Tireshbil bayan an sauko. Sarki na zaune a kan buzunsa. Nan fa kowa ya sunkuyar da kai. Yawancinmu a zaurensa muka sauka da muka zo daga Nijar, ni ma shi ya karɓa mini aure. Wa zai fara?

Sai dattijon ya dogara sanda ya tashi, ya kira ma'aikacin da "Mushe", wato maigida da Faransanci.

"Mushe, ni ma mahauci ne. Ina cikin masu dangwalawa?"

"Kana ciki, Baba."

Ya wanke hannu da ruwan buta, ya dangwala, ya juyo gare mu. "Yarana, da gida kuka same ni, da tuni an gama. Ku zo, kada ku ɓata wa baƙo lokaci."

Muka bi layi, wasunmu na share ido da hannun riga. Aka zaɓi sabon sarki, aka mai da yanka karɓa-karɓa, kuma ba mu fasa zuwa gaishe da tsohon ba har Allah ya karɓi abinsa.

Tun ranar na gane cewa mai gaskiya ma yakan kawo kukansa a karkace. Ma'aikacin kirki shi ne wanda zai ƙi takardar da ba daidai ba, amma ya ba masu ita damar gyarawa.