Taki Saba'in Daga Gindin Ɗorawa

Da, in mutum ya ce zai je Doguwa, guzuri ake haɗa masa, a yi sallama kamar mai tafiya gabas. Yanzu kuwa ka karya kumallo a Kano, ka yi azahar a can. Mun tashi da asuba ranar Asabar, ruwan daren jiya bai gama tsanewa daga kwalta ba. Abin da ya fito da ni bai da daɗi. 'Ya'yan wana marigayi, su biyu, sun daina gaisawa a kan iyakar gona, ƙaramin har ya fara neman lauya.

Kafin mu wuce mararrabar Bebeji rigima ta tashi a motar. Wani dattijo ya ce a rufe gilashi, sanyi zai kashe shi. Na kusa da shi ya ce zafi yake ji. Iska ɗaya ce ke kaɗa su. Na lumshe ido, sai ga ni a wani gari na bakin teku a ƙasar Girka, inda na taɓa yin aikin tafinta ina saurayi. A can na fara jin labarin wani malaminsu na zamanin da, ɗaya daga masu yawo gari gari suna koya wa samari iya magana. Shi ne ya koyar da cewa mutum shi ne ma'aunin komai, kuma kowace magana tana da fuska biyu. Da irin wannan iskar ake ba da misalin koyarwarsa. Lauyoyi da masu muhawara a makarantu duk jikokinsa ne, ko da ba su san sunansa ba.

A Kwanar Dangora muka tsaya. Dafaffiyar masara ta yi tsada, amma mai sayarwa ta rantse min a kan faɗuwa take sayarwa, cikin zaƙin bakin da sai da na ji kunyar tayawa. Ita ma jikarsa ce, na ce a raina. 'Yan acaɓa daga Ƙafin Maiyaki na ta sauke buhuna. Daga nan hanya ta miƙe kudu, shinkafar Tudun Wada ta shimfiɗe kore shar har inda ido ya tsaya, hazon ruwa na tashi a kanta kamar numfashi. Kusa da dajin Falgore na ga dammunan itace a gefen titi, an ɗaure su tsaf. An ce malamin nan na Girka ɗan dako ne da fari, iya ɗaurin itacensa ne ya sa wani masani ya ɗauke shi karatu. An kuma ce a teku ya ƙare. Duwatsun Doguwa suka fito daga cikin gajimare, shuɗi shuɗi, sai na ga kamar tsibiran Girka ne suka biyo ni.

Ga yadda rigimar take. Wana ya raba gonar da ransa. Ya ce taki saba'in daga gindin ɗorawa na babba ne, saura na ƙarami, ya dasa gamba a kan iyakar. Bana tarakta ta zo huɗa ta tumɓuke gambar. Babban dogo ne kamar giginya, ƙaramin kuwa gajere. Kowa ya auna da ƙafarsa, aka sami ratar kunya takwas a tsakani.

Da na isa na tara su, na zauna a inuwar ɗorawar na buɗe baki. Na kare dogon har gajeren ya sunkuyar da kai. Na juya na kare gajeren har dogon ya sunkuyar da nasa. Na ji daɗin kaina ƙwarai. Da na gama sai dogon ya ce, "To Baffa, ina iyakar?"

Uwarsu na zaune a kan tabarma tana ɓarar gyaɗa. Ta ce, "Kai ɗan boko, ka zaga duniya ka dawo mana da surutu. Taki saba'in aka ce, amma takin wa? Ba na wanka ba ne?"

Na ce, "Yaya, ai mai takin yana ƙasa."

"Ƙafarsa tana nan," in ji ta. "Shekara arba'in ina kai masa abinci gonar nan da damina. Don tsoron ƙaya, a sawunsa nake sa ƙafata."

Ta cire takalmi, ta dafa gindin ɗorawar, ta fara tafiya. Wana ne sak, har da ɗan ɗingishin nan na hagu da ya samu tun muna yara. 'Ya'yan suka bi ta suna ƙirgawa a hankali, tun kowa da nasa har muryoyinsu suka haɗu. A saba'in ta tsaya, gaba da alamar gajeren, baya da ta dogon. Ta ce a tona. Saran fartanya uku, sai ga tsohuwar saiwar gamba.

Dogon ya share ido da hannun riga, ya ce wa ƙanensa, "Kai guntu, kawo gambar mu dasa." Gajeren ya ce, "Ka dai sunkuyo, falwaya." Muka ci tuwon shinkafa da miyar taushe a kwano ɗaya.

Na iso gida da la'asar washegari. Malamin Girka bai yi ƙarya ba, mutum ne ma'auni, amma bai gaya mini wane mutum zan nema ba. Gamba ta koma wurinta, yaran suna gaisawa, ni kuma na daina buɗe baki a wurin sulhu kafin in tambayi wanda ya bi sawun.