Lafiya Lau Ɗin Da Na Koya Wa Bature

Ni na koya wa Baturen gaisuwa, kuma saura ƙiris gaisuwar ta kai shi kabari. Gida ɗaya muke haya a unguwar Dengfeng, cikin birnin Guangzhou na ƙasar China, ni a hawa na uku, shi a na huɗu. Mutumin Ingila ne, dogo, mai faɗin kafaɗa, aikinsa duba kaya a masana'antu kafin a loda. Ni kuwa tangaram nake aikawa Kano, faranti da kofuna. Da kwalayen samfur suka cika min ɗaki, shi ya ce in kai guda huɗu in ajiye a wurinsa.

Kafin ya zo Guangzhou ɗan wasan kurket ne. Na ce masa wannan ai wasan malalata ne, a yini ana abu ɗaya, har da tashi shan shayi. Bai ji haushi ba. Ya ce a wasan akwai mai jifa, akwai mai bugu, shi yana cikin 'yan kaɗan da ke yin duka biyun. Ya ce har an taɓa kiransa ya buga wa ƙasarsa, ya je filin jirgi da jakarsa, ya shiga banɗaki ya kulle yana kuka har jirgin ya tashi. Na kwashe da dariya don na zaci ba'a yake. Ƙato kamar wannan, kukan me?

Ranar da na koya masa "lafiya lau" ya tambaye ni, "To idan ba lafiya ba fa, Alhaji, me ake cewa?"

Na ce, "Bature, ko gargarar mutuwa kake yi, lafiya lau za ka ce. Gaisuwa ba asibiti ba ce."

Ya riƙe wannan karatu fiye da yadda na so. Lokacin baje kolin Pazhou ya zo, ina fita da sassafe, ba ni da lokacin kowa. Na ga ya daina zuwa aiki. Na ga gemu ya cika masa fuska, na ga ledar abinci ta kwana biyu a rataye a ƙofarsa. Idan muka haɗu a matakala sai in ce lafiya, ya ce, "Lafiya lau, Alhaji," in wuce abina. Idona ya gani sarai, amma kunnena ya ji abin da yake so ya ji.

Wata Juma'a na dawo daga masallaci, tun daga ƙasa na ji ƙarar fashewa. Na san kukan tangaram kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Na haura da gudu, na tarar da ƙofarsa a buɗe. Ya farke kwalayena. Sai ya ɗauki faranti, ya ja da baya, ya murza hannu ta saman kai ya maka shi a bango. Sai ya cilla kofi sama ya tare shi da sandar wasansa. Jifa da bugu, duka biyun, kamar yadda ya faɗa. Tafin ƙafarsa duk jini, don babu takalmi yake taka fasassun.

Ni ɗan mahauta ne, da dambe na tashi, kuma zuciyata a kusa take. Ban tambaye shi komai ba. Na dunƙule hannu na sauke masa a muƙamuƙi, ya faɗi cikin fasassun. Ya miƙe, ya yar da sandar, ya mai da hannayensa baya. Na ƙara masa a hanci, jini ya wanke min gaban rigar Juma'a. Na shaƙe shi na buga kansa da bango ina zaginsa da Hausar da ban koya masa ba. Mutumin da zai iya ɗaga ni da hannu ɗaya bai ko kare fuskarsa ba.

Ya tofar da haƙori, ya ce, "Ƙara, Alhaji. Don Allah ƙara."

A nan hannuna ya mutu. Na waiga, na ga taga a wangale, ya ja kujera ya ajiye a ƙarƙashinta. A kan gado ga fasfonsa da makullin ɗaki da wata takarda a ninke, an jera su tsaf. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba. Ya juya wajen tagar, na rungumo shi ta baya, muka zube tare. Yanzu ne ya yi faɗa. Ya dake ni da gwiwar hannu a haƙarƙari har na ji wani abu ya ce ƙas, ya cije min damtse, tangaram yana yanka bayana. Ban sake shi ba sai da maƙwabta suka shigo.

A asibiti likita ya ce ciwon damuwa ne mai tsanani, ya daɗe da shi tun yana wasa, kuma ya daina shan maganinsa. Na ji kunya ta rufe ni. Da ciwon ciki ne da ni zan fara kai masa kunu.

Washegari na je duba shi, hancinsa a ɗaure, leɓensa a ɗinke, duk aikina. Na zauna, baki ya riga ni, na ce, "Lafiya?"

Ya buɗe baki zai ba ni karatuna. Na ce, "Kul. Na soke wancan darasin. Faɗa min yadda kake."

Akwai kalmar da 'yan China ke faɗa mana a shago idan kayan da muke nema sun ƙare, ma'anarta babu. Ita ya ɗauko.

"Meyo, Alhaji," in ji shi.

Na ja kujera kusa da gadon, na ce to, ina jin ka.