Malam Kolo Mai Fenti, Wanda Ba Ya Rufe Tsatsa

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 12 ga Yuli, 1977, Allah Ya karɓi ran Malam Kolo mai fentin mota a gidansa da ke Gaya, bayan jinyar ƙirji ta mako uku. Ina tashar Ajingi ina lodin dawa labarin ya iske ni. Na bar kayan a ƙasa na taho, Allah Ya sa na samu sallar jana'iza.

Malam, ni ne Gwadabe direba. Rubutu ba sana'ata ba ce, amma akwai magana tsakanina da kai da ban iya faɗa maka da baki ba.

A kakar 1967 na kawo maka tsohuwar lorin da na gada daga kawuna. Dillalin gyaɗa ya ce ba zai ɗora mini buhu ko ɗaya ba sai motar ta yi kyan gani, ni kuwa na ba ka kwana uku ka zuba mata kore. Ka zagaye ta kana ƙwanƙwasa wuraren da tsohon fenti ya kumbura, sannan ka ce, "Gwadabe, fenti ba ya warkar da ƙarfe. Sai na kankare na ga farinsa, na shafa masa fentin ƙasa ya bushe, sannan mu yi zancen kore."

Duk wanda ya taɓa zama a rumfarka ya san aikin nan. Ka kankare, ka bi da sanfefa, ka goge da ƙyalle mai tsabta har babu maiƙo. Daga nan ba mai taɓa wurin da hannu, domin gumin yatsa kaɗai yana haifar da tsatsa. Kafin rana ta faɗi ka shafa jan fentin nan na ƙasa, wanda ba mai sake ganinsa da zarar launi ya hau kansa. Ba ka taɓa yarda ƙarfe ya kwana tsirara ba.

Motata ta yi kwana goma sha ɗaya a hannunka. Lodin farko ya wuce ni. A rana ta shida na zo na zazzaga maka magana a gaban mutane, har na ce kai tsoho ne mai jin daɗin wahalar da jama'a. Ka ɗaga kujerar gaba, ka danna sukundireba a ƙasan, ta shige kamar a cikin tuwo. Ka ce, "Nan 'ya'yan mutane za su zauna." Ka kira mai walda, ka ci gaba da aikinka.

Na gani da idona, na kuma san gaskiyarka ce, amma girman kai ya hana ni saukowa. Shekara biyu ina wucewa ta gaban rumfarka ban yi sallama ba, alhali motar da ka gyara ce ke ci da iyalina. Da mahaifiyata ta rasu a Gafasa, sai ga ka a kan keke, ƙafafunka duk taɓo. Ka zauna da mu har sadakar uku. Ba ka tayar da tsohon zance ba, ni ma kunya ta hana ni neman gafararka. Haka muka koma zumunci, shekara takwas, maganar tana nan a maƙogwarona.

Ranar Juma'ar da ta gabaci rasuwarka na zo dubiya. Da ƙyar kake numfashi, amma abin da ya dame ka shi ne ƙofar a-kori-kurar Hajja Amarya mai fataucin manja, wadda ka kankare a ranar da ciwo ya kayar da kai. Ka ce, "Damina ce, ta riga ta yi ja. Je ka sake kankarewa. Kada ka shafa a kan tsatsar."

Na yini a kanta. Hannuna bai iya ba, fentin ya yi kauri a wani gefen, amma ban bar ɗigon tsatsa ba. Na dawo da la'asar sakaliya da niyyar yau zan faɗa maka, na tarar barci ya ɗauke ka, aka ce rabonka da shi kwana biyu. Na ce sai na dawo daga kai lodi Kano. Ban sake ganin ka da rai ba.

To ga shi ina faɗa a gaban duk mai karantawa. Malam, na zalunce ka da harshena, kai kuwa ka tsare mini raina da na fasinjojina. Ka yafe mini.

Ya Allah Ka jiƙan bawanKa Kolo, Ka karɓi ayyukansa na fili da waɗanda ba wanda ya gani sai Kai. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa Aljanna ce makomarsa. Ina miƙa ta'aziyyata ga maiɗakinsa Aisa, da 'ya'yansa Tukur da Adama da Hanne, da direbobin Gaya da Ajingi baki ɗaya. Allah Ya ba mu haƙurin rashinsa, Ya sa mu cika da imani. Amin.