Maɓallin da Na Ɓoye

A shekarun da faifan bidiyo yake tashe, ni ce nake zama gaban kwamfuta a shagon hoto na yayana, can bayan kasuwar Kejetia. Shi yana ɗaukar hoto, ni kuma ina shirya wa mutane hotunan tafiye-tafiyensu a faifai, su je gida su sa a dek su kalla a talabijin. Kowa zai iya jera hotuna. Abin da nake taƙama da shi shi ne menu, wato shafin farko da yake fitowa da an sa faifai, inda mutum zai ɗauki rimot ya zaɓi wurin da yake son gani. Nakan ɓata awa biyu a kan launi ɗaya. In yayana ya ce in gama in ba mutane kayansu, sai in ce ya je ya ji da kyamararsa, shi da yake yanke wa mutane ƙafafu a hoto.

Dawowar alhazai ita ce kakarmu. Kowane alhaji yana so in masu barka da sauka sun cika masa falo, ana raba dabino da zamzam, a ga hotunansa suna wucewa a talabijin. Maɓalli huɗu nake yi wa menu ɗinsu: Madina, Makka, Arfa, Mina. A ƙasa in sa wani babba, wanda in an danna shi faifan zai tafi da kansa daga farko har ƙarshe. Tsofaffi shi suke so, don ba su da haƙurin laluben rimot.

A wata shekara wani maƙwabcinmu na unguwar Asawase, cikin Zango, mai sayar da atamfa, ya sauke farali tare da yayarsa. Shi ya dawo, ita ba ta dawo ba. Zazzaɓi ya kama ta a Mina, Allah ya karɓi abarsa, aka yi mata salla a Harami aka binne ta a can. Duk unguwa mun sani, in ban da mutum ɗaya, mahaifiyarsu. Tsohuwar ba ta daɗe da fitowa daga asibiti ba, hawan jini ya kayar da ita har ɓarin jikinta ɗaya ya shanye, likita kuma ya ce a kiyaye mata duk abin da zai girgiza ta. A Zango ba a jefa wa tsoho labarin mutuwa kamar dutse. Manya ne suke zuwa, su zauna, su yi nasiha, sannan su faɗa. Aka tsayar cewa ƙanin tsohuwar zai zo daga Tamale ranar Lahadi, su shiga tare da liman. Kafin nan aka ce mata jirgin 'yarta ne bai taso ba tukuna, abin da ba baƙo ba ne ga alhazanmu.

Alhajin ya kawo mini memorin kyamararsa ya ce in yi faifai iri biyu. Na 'yan'uwa zai sami maɓalli na biyar, na jana'iza. Na tsohuwa kuwa a tsaya a Mina, don kullum tana damunsa tana son ganin 'yarta da fararen kaya.

"Ki kula fa," in ji shi. "Kar ko alama ta shiga na Mma."

Na ji haushin maganar. Na ce, "Alhaji, yau na fara aikin nan? Ka je ka ji da atamfarka."

Ɓangaren jana'izar na ƙawata shi iya iyawata. Na buɗe shi da fuskar marigayiyar cikin baƙin zagaye, da Inna lillahi a rubutun Larabci a samanta, sannan hotunan makara. Da na zo yin na tsohuwa, aiki ya yi mini yawa, alhazai shida suna jira. Maimakon in cire hotunan jana'izar gaba ɗaya, sai kawai na goge maɓalli na biyar daga menu. Na duba, maɓalli huɗu cif, shafi tsaf. Na ɗora a faifai biyu, na rubuta "Na Kaka" a kansu, na ba Alhaji ɗaya da safiyar Juma'a. Yana karɓa ya ce zai sa mata in zai tafi masallaci, ya ɗebe mata kewa. Ban kalli faifan har ƙarshe ba. Sauri kuwa, an ce, shi kan haifi nawa.

Da rana na sa ɗayan a dek ɗin shago don masu wucewa su ga aikina, na danna babban maɓallin, na zauna ina cin waakye, shinkafa da wakenmu. Na jima ban ɗaga kai ba. Da na ɗaga, sai na ga fuskar marigayiyar cikin baƙin zagaye tana kallona.

Na fito da faifan da fatan na 'yan'uwa ne na sa bisa kuskure, amma rubutun hannuna ne ɓaro-ɓaro: Na Kaka. Nan na gane abin da na yi. Ƙofa na toshe, ɗakin yana nan. Wanda ya danna babban maɓalli, da Mina ta ƙare faifan zai zarce da shi kai tsaye zuwa jana'iza. Tsohuwa kuwa Larabci ba ya ɓoye mata, ita ta koyar da rabin matan layinmu karatu.

Na kira wayar Alhaji, a kashe. Na sake kira, a kashe. Agogo ya kusa ƙarfe ɗaya, ya riga ya shiga masallaci. Ba ni da lambar kowa a gidan. Hotunan sun ɗara ɗari huɗu, kowane yana tsayawa daƙiƙa shida, wato abin da nake da shi bai kai minti arba'in da biyar ba, kuma ban san yaushe aka fara ba. Ko shagon ban kulle ba, na ce wa mai sayar da takalma ta kusa da mu ta duba mini.

A cikin trotro, motar hayarmu, ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba. Ba tsoron faɗan Alhaji ba, ba na zubewar sunan shago ba. Gani nake yi tsohuwa ita kaɗai a ɗaki, ɓarin jikinta mai lafiya yana sakewa, ba mai kama ta. In ta mutu, ni na kashe ta, da yatsana ɗaya. Ni da nake zagin masu ɗauke wuta safe da yamma, ranar na roƙi Allah ya kawo dumso, ya ɗauke wutar Asawase gaba ɗaya. Kowane shago muka wuce sai na leƙa, fankoki kuwa suna ta juyawa abinsu.

Direba ya tsaya ɗaukar wata mai kwandon tumatir. Na ce masa, "Don Allah mu tafi, rai ne a gaba!"

Ya waiwayo ya ce, "Madam, in kana sauri paa, ka ɗauki taksi. Ni ban da jirgi kwaraa."

Kafin mu shiga unguwa hanya ta toshe, masallata sun shimfiɗa tabarmi har tsakiyar titi kamar kowace Juma'a. Na sauka na bi ta lungu, ina tsallake kwata, takalmina a hannu. Huɗuba tana tashi daga lasifika ta ko'ina. Mace mai shekara talatin tana gudu a Zango da mayafi a wuya, na san an sami abin faɗa, amma ban damu ba.

Gidan shiru. Maza suna masallaci, matan suna can bayan gida wajen girki. Tun daga tsakar gida na jiyo ƙasidar da na sa a ƙarƙashin hotunan. Na yi sallama a bakin labule.

Tana kishingiɗe a kan katifa, rimot ɗin a cinyarta cikin ledarsa, hannunta mai lafiya a kai. A talabijin tantunan Mina ne. Na san jerin hotunan kamar tafin hannuna, saura bai fi ashirin ba.

Ba a shiga ɗakin tsohuwa a wuce ta a taɓa mata kaya. Na durƙusa.

"Kaka, sannu da hutawa."

"A'a, mai kwamfuta ce? Sannu da zuwa. Ya mamanki?"

"Lafiya lau."

"Ya ƙafar tata?"

"Da sauƙi."

"Yayanki fa? Har yanzu bai yi aure ba?"

Ina amsawa, idona yana kan talabijin. Wajen jifa ya wuce. Alhaji da askakken kai ya wuce. Ta tambayi ƙanwata da ke Krofrom, ta tambayi yaranta ɗaya bayan ɗaya, ni kuwa ina ƙirga hotuna a zuci, gumi yana bin bayana.

Na ce, "Kaka, faifan nan yana da matsala. Na zo in karɓa in gyara."

"Wace matsala? Ga shi yana tafiya lafiya. Bari ya ƙare. Ina jiran in ga 'yata, tun da aka baro Arfa ban ƙara ganin fuskarta ba."

Hoton motocin alhazai ya fito. Shi ne na biyun ƙarshe. Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsallake ƙafafunta, abin da ban taɓa yi wa babba ba, na fizge wayar dek ɗin daga bango. Talabijin ya koma shuɗi, ƙasida ta yanke.

Na tsaya da waya a hannu ina haki. A raina na ce alhamdu lillahi, na riga shi. Sai da na juyo na ga ba talabijin take kallo ba, ni take kallo. Ta dubi ƙafafuna da suka yi baƙi da ruwan kwata, ta dubi takalmin da na yar a bakin ƙofa, ta dubi wayar da ke hannuna.

"Daga Kejetia kika yo gudun nan don gyaran faifai?"

Na saki wayar dek ɗin ta faɗi ƙasa.

"Zo nan," in ji ta. Na matsa na durƙusa. Ta kama wuyan hannuna, ban san tsohuwa tana da ƙarfi haka ba. "Ni na koya miki Fatiha, kar ki yi mini ƙarya. Abin da ya rage a ciki, tana ciki?"

Hawaye suka riga ni amsa. Na ce, "Tana ciki, Kaka."

Ta ƙura wa shuɗin talabijin ido. Ni kuwa bakinta nake kallo ko zai karkace, ƙirjinta nake kallo ko zai tsaya, ina jiran abin da na gudo don in hana. Leɓenta ya motsa, ta karanta Inna lillahi, abin da na rubuta a saman hoton da ba ta gani ba, a hankali, har ƙarshe. Daga waje aka ji liman ya sallame salla.

Ta saki hannuna. "Sa takalminki," ta ce. "Ki tsaya a ƙofar masallaci. In ɗana ya fito, ki ce masa ba sai an jira Lahadi ba. Ya zo ya gaya mini inda aka kwantar da ita."